Jinin da aka tanadar wa Mama

Salam mutanena. Na san har wasu sun fara cewa aure na yi a ɓoye, tunda sati biyar ko sitatus ban ɗora ba. Ba aure ba ne. Jinin wata baiwar Allah ne ke yawo a jikina yanzu, kuma ba ni aka tanadar wa shi ba.

Waɗanda suka san ni sun san Rahila, ƙawata tun firamare, gidansu na kallon namu a Fadikpe. Wata biyu da suka wuce ta kira ni tana magana ƙasa-ƙasa, wai sakamakon ƙullutun da aka gani a nonon Mamanta ya fito.

Kansa ce.

Likita ya ce za a yi aiki, amma sai an kawo jini leda biyu, kuma na Mama irin mai wuyar samun nan ne, O nagatif. Mu 'yan guruf ɗinmu muka cika keke biyu muka tafi gwaji. Duk cikinmu mutum biyu ne namu ya dace: Rahila, sai ni.

Ranar har rawa na yi a ƙofar lab. Mama ta kama hannuna ta ce, “To 'yata, daga yau a dinga cin abinci. Kar ki kawo min jinin garin kwaki.”

Muka shiga haɗa jini ni da Rahila. Ruwan ganyen ugu da madara, zogale, hanta. Na ƙara da maganin ƙarin jini na kwalba daga kemis.

Dama ina da olsa, amma ta daɗe ba ta tashi ba. Da zirga-zirgar asibiti ta yi yawa, ga azumin Litinin da Alhamis da na ɗauka saboda Mama, sai ƙirjina ya fara zafi kamar an zuba garwashi. Jikina duk ciwo. Na koma wajen mai kemis ya ba ni haɗin ƙwayoyin ciwon jiki, ina watsawa ko ban ci komai ba.

Ban gaya wa kowa ba. Ta yaya zan buɗe baki in ce cikina na ciwo a gaban wadda uwarta ke da kansa? Kuma ina tsoron a ji a ce ba zan ba da jinin ba.

Ku yi haƙuri da abin da zan faɗa. Bayan gidana ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta. Ban damu ba, don mai kemis ya ce maganin ƙarin jini yana sa haka. Ni murna ma nake, wai magani na aiki.

Ashe jinina ne ke zuba ta ciki.

Saura kwana uku a yi wa Mama aiki, ina unguwar Tunga da rana ina saya mata kankana, sai jiri. Na yi amai, na ga jini, shi ke nan abin da na sani. Na farka a gadon asibiti da ƙarin ruwa a hannu, Ummata na tsaye a kaina tana ta salati.

Likita ya ja fatar idona ya duba ya ce, “Ke da kike shirin ba wani jini, naki ko rabi bai kai ba.” Ya ce a nemo yanzu. Babu irin nawa a asibitin. Yayana ya taso daga Zungeru, aka gwada, bai dace ba.

Can sai ga Rahila da auduga a gwiwar hannu. Ina gani na gane.

Na ce, “Rahila, na Mama ne fa.”

Ta ce, “Dalla kwanta, sarkin surutu. Mamar ce ta aiko ni. Ta ce nata ciwon zai jira sati, naki ba zai jira la'asar ba.”

Ina kallon jinin yana ɗiga cikin hannuna ina kuka, nas na yi min faɗa wai in daina motsi.

Kwana tara na yi. Allura safe da yamma, kunu ba tsami, daga baya aka zura min wani siririn tiyo mai kyamara ta baki aka ga gyambon. Kuɗin wannan gwajin kaɗai sai da Umma ta rabu da ɗan kunnenta. Yanzu alhamdu lillahi ina tafiya da ƙafata, ina cin tuwo, yaji ne kawai aka raba mu.

Na gode wa Ummata, da 'yan guruf da suka raba kwanakin jinya tsakaninsu, da matan cocinsu Rahila da suke kawo min fate har gado.

Don Allah, in kina da olsa kar ki sha haɗin kemis. In bayan gida ya yi baƙi a je asibiti, ko da ana shan maganin jini. Kuma ki faɗi ciwonki ko da kina ganin na wani ya fi shi.

Ni dai na warke. Mama ce ba ta warke ba.

Satin da ta ce za ta jira ya zama biyar. Sau biyu ana ɗaga aikin. An samu leda ɗaya wajen wani bawan Allah a cocinsu, saura ɗaya. An ce Rahila sai bayan wasu watanni, ni kuwa likita ya ce kar ma in kawo zancen. Jiya na shiga gaishe ta, hannunta na ɓangaren ciwon ba ya ɗaguwa, Rahila ce ke ɗaura mata ɗankwali. Amma tana ganina ta ce, “Ya cikin naki? Kin ci abinci?”



Wanda ya taɓa jinyar mai kansa, ko ya taɓa neman irin wannan jinin a Minna, ya rubuta min a ƙasa yadda ya yi, ina ya bi, wa ya tambaya. In kuma kai ne mai O nagatif ɗin, ka yi magana kawai. Ni zan zo da keke in ɗauke ka har ƙofar gida.