Motar Lantarki Har Ƙofar Gidan Inna

Mun tashi da asuba daga Kaduna, ni da ƙanena, batirin mota cike taf. Dingaya muka nufa, can ƙasar Gwaram, wurin Inna, yayar mahaifinmu wadda ta raine mu. An aiko mana cewa idanunta sun kusa rufewa, kuma tana son ganinmu tun da sauran haske. Niyyata mu gaishe ta, mu ci abinci, mu juyo mu kwana Kano.

Har Kano ba mu sha wata wahala ba. Akwai wurin caji mai sauri a cikin gari, kafin mu gama da gurasa da tsire mota ta ƙoshi. Kuɗin ma bai kama ƙafar na fetur ba, har na fara yi wa ƙanena alfahari. Bayan Wudil ne bakina ya mutu. Rana ta take, mun kunna sanyi, ga shingen binciken jami'ai nan da can, lambar batiri sai sauka take kamar ruwan randa mai tsaga. Muka kashe sanyin muka sauke gilashi. Iskar kaka ta shigo da ƙamshin sabon gero, irin wanda na manta rabona da shi.

A Birnin Kudu muka shiga neman wuta. Gidan mai na farko suka ce an ɗauke tun jiya. Masu shayi suka kewaye motar, wani yana leƙen ƙarƙashinta yana neman salansa. Daga ƙarshe aka nuna mana wani Alhaji mai injin casar shinkafa. Ya saurare ni, ya yi dariya har da tafa hannu.

"To Malam, ai janaretana gas yake sha. Ashe dai ita ma tana shan mai, a ɓoye."

Ya bari muka jona. Muka zauna gindin dalbejiya muna shan fura, muna kallon duwatsun garin. Ɗan abin da muka samu ya kai mu Gwaram da ƙyar, muna tafiya a hankali har masu babur suna wuce mu. A can wani mai sana'ar ƙanƙara da ke da sola ya yarda mu bar motar, amma ya ce da wannan ƙaramar cajar tamu, sai jibi in Allah ya ba da rana. Raina ya ɓaci. Muka hau babur zuwa Dingaya.

Inna na zaune kan tabarma tana ɓarar gyaɗa da lalube. Ta kama fuskata da hannu biyu ta matso da ita kusa da tata, ta daɗe tana dubawa.

"Ka yi furfura," in ji ta. "Yaushe za ku koma?"

Na ce sai jibi. Ta sake tambaya, don ba ta yarda da kunnenta ba.

Kwanakin nan ban yi komai ba sai zama. Na ci tuwon dawa da miyar yakuwa, na bi maza gona ɗaurin dami, na riƙe hannun Inna zuwa gaisuwar maƙwabta. Ta ba ni labarin ƙuruciyar mahaifinmu, abubuwan da ban taɓa ji ba, domin ban taɓa zama har hira ta kai can ba.

Ranar tafiya muka ɗauko motar muka kawo ta ƙofar gida. Inna ta shafa ta tun daga gaba har baya, ta sa mana albarka. Muka ja. Da na duba madubi, sai na gan ta tsaye tana fuskantar inda motar take a da, tana ci gaba da yi mana addu'a. Ba ta ji tafiyarmu ba, don motar ba ta da ƙara. Na tsaya na danna hon. Sai ta juyo, ta ɗaga hannu.

Mun iso Kaduna lafiya, bayan wani cajin a Kano. Ga mai son bin hanyar nan da irin wannan mota, ya riƙe doguwar waya, kada ya yarda da lambar da allo ke nuna masa, ya kuma nemi masu injin casa da masu ƙanƙara, sun fi gidan mai amfani. Ni kuwa abin da na koyo daban ne. Na sha zuwa Dingaya da mota mai gudu, ban san Inna tana da sauran labari ba sai da na rasa hanyar yin sauri. Yanzu motar na ƙofar gida cike da caji, ni kuma kullum tunanina yana kan tabarmar nan.