Dutsen da Baffa Sale Ke Hawa

Shisha zuwa Kudai

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na fito daga gidanmu a unguwar Shisha ta Makka, wayata cike da saƙonnin murya. Gwaggo Hajo ce ta turo su daga Ɗambatta. Jikinta ya yi tsanani, ba ta da buri sai ta ji ƙanenta, Baffa Sale, mai kiwon zuma a wani ƙauye kudu da Makka. Ba shi da iƙama, wato takardar zama, ba ya iya ƙetare shingen 'yan sanda. Ni kuwa, da wayon ɗan birni, na yanke cewa ƙauye ba intanet, sai dai in kai masa muryarta in ɗauko tasa.

A tashar Kudai na yi sallah, na karya da ful da tamis. Ƙarfe shida motarmu ta ɗauki hanyar Lis. Shinge ɗaya muka tarar, aka duba katinmu. Bayan awa biyu na sauka, wata a-kori-kura mai dakon ruwa ta haura da ni tsakanin duwatsu.

Ƙauyen

Tara da kwata muka isa. Ban gama gaida Baffa ba wayata ta kama wata shabakar intanet a buɗe, saƙonni suka yi ta shigowa da saurin da ban taɓa gani ba a Shisha. Kunya ta kama ni, mamaki ya fi ta.

Na matsa wa Abu Fahad, shugaban jam'iyyar manoman ƙauyen, wato ƙungiyarsu ta haɗin gwiwa, da tambaya. Ya ce kamfanin sadarwa ya leƙo, ya ga gidaje kaɗan, dutse da yawa, ya juya. Su kuwa dama tare suke da rijiya da injin tace zuma, sai suka haɗa hannu suka kafa ƙarfen sabis a kan dutse. Kowace Juma'a ana hawa a goge ƙurar faranten sola, kuma shekara uku ke nan Baffa ne ke hawa.

Amma Baffa bai taɓa amfani da shabakar ba. Ya ɗauka ta masu gona ce da masu takarda.

"Ya Sale, haram alaik, ka cuci kanka," in ji Abu Fahad. "Wanda ke hawa dutsen ai shi ne ɗan jam'iyya."

Nan take na kira Ɗambatta ta bidiyo. Baffa ya riƙe wayar da hannu biyu, ya daɗe yana kallo.

"Wannan ai Innarmu ce," ya ce a hankali.

"Ni ce Hajo, Sale. Tsufa ne."

Na ba su wuri, don ni ma idona ya cika.

Komawa

Ƙarfe uku na kamo hanya da kwalbar zuma, na bar wa Baffa wayar. Ana kiran magariba na shiga Shisha. Na gode wa Allah da Ya kai ni lafiya, na gode wa mutanen dutsen nan. Gwaggo ta cika ranar Laraba, bayan sun yi hira sau biyar.