Sistar da Ta Tare wa Baba Direba Ƙofa

Kafin likita ya iso, Sista Babba ta riga ta goge teburinta, ta jera robobin fitsari, ta haɗa maganin da ake zubawa a mafitsara. Aikinta ke nan tun tana yarinya har furfura ta cika mata kai. Ba maganin warkarwa ba ne. Ta roba ake zuba shi, mara lafiya ya riƙe na ɗan lokaci, sannan likita ya leƙa da kyamara. In akwai mugun tsiro, sai ya yi ja a ƙarƙashin shuɗiyar fitila, asirinsa ya tonu.

Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, kuma abokan aikinta ba su daina ba da labarin wani tsohon direba da aka kawo yana fitsarin jini ba. Ƙoda ɗaya ta rage masa. Yana jin za a zuba masa magani sai ya ɗauki hularsa zai tafi.

"Ƙodar nan ita kaɗai gare ni, Sista. In maganinku ya shiga jini ya cinye ta, wa zan kama?"

'Yarsa ta yi lallashi har ta gaji, ta koma gefe tana share hawaye. Sista kuwa ta jawo kujera ta zauna a bakin ƙofa.

"Baba, sai dai ka tsallake ni, kuma ka ga ba ƙaramin kaya ba ce ni."

Ya yi dariya ba da son ransa ba.

Ta ce, "Mafitsara ma'ajiya ce, ba soso ba. Kai da ka saba riƙe fitsari a doguwar tafiya ai ka sani. Ba zan ce maka ko ɗigo ba ya shiga jini ba, don ban iya ƙarya ba. Amma ɗan kaɗan ne ƙwarai, sauran da fitsari zai fita. Da akwai sabon rauni ko kumburi, da mun ɗaga ranar. Likita ma ya duba lafiyar ƙodarka."

"In na tafi fa?"

"Jinin zai ci gaba da zuba, ba mu san daga ina ba. Ni kuma gobe ka gan ni a ƙofar gidanka."

Ya ajiye hular. Ta zuba masa maganin, ta zauna tana jan sa da hirar motoci har lokacin riƙon ya cika. Aka ga tsiro ɗan ƙarami, aka cire tun bai yi saiwa ba. Yanzu in ya zo a duba shi, shi ke kwantar da hankalin sababbin zuwa a kan benci.

Ke ce, Sista, garkuwar masu jin tsoro. Ke ce ba ki taɓa raina tambaya ba, ba ki kuma yi wa gaskiya kwaskwarima don a yarda ba. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar hutawa.

Ku kuma matasan da za ku gaje ta, kada ku bar tsoro ya kai mara lafiya gida. Ku zauna, ku yi masa bayani har ya gane.