Geron Lesin Zahra'u

Direbobin keke napep na Gusau sun san Malam Sahabi da abu biyu: ba ya gudu, kuma kullum akwai ƙullin gero a ƙarƙashin kujerarsa. Suna tsokanarsa wai ko fasinjojinsa kaji ne. Shi dai murmushi yake yi, don ba kowa ake buɗe wa ciki ba.

Kafin keke, malami ne. A wani ɗan ƙauye bayan Kucheri ya tashi, ya yi sakandare a Tsafe, aikin gwamnati ya ƙi samuwa. Sai ya shafa wa bangon zauren ubansa baƙin fenti, ya fara koya wa yara lissafi da Turanci. Lesin ake ce wa irin wannan karatu. Mutanen ƙauye ba su da kuɗin wata-wata, saboda haka da kaka suke biya gaba ɗaya: kowane uba ya auno gero, Malam ya riƙe masa yaro har faɗuwar ruwa. Babu takarda, babu shaida, sai Allah.

Shekarar da abin ya faru, an biya shi tsaf, rumbu ya cika. Karatu bai yi nisa ba 'yan bindiga suka shigo da rana tsaka, kowa ya yi ta kansa. Malam Sahabi ya tsira da matarsa da 'ya'yansa, daga baya ya lallaɓa da mota ya kwaso abin da ya rage a rumbu. Wannan geron suka ci a Gusau har ya sami keken haya.

Nan fa damuwarsa ta fara. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, shi kuwa ya ci ladan, askin bai yiwu ba. Matarsa Maijidda ta yi masa magana har ta gaji.

"Kai ka kori mutane? Wa ya biyo ka bashi?"

Babu wanda ya biyo shi. Amma yana cikin tuƙi, a tsakiyar hayaniyar kasuwa, sai ya ji muryoyin yara a bayansa suna rera biyu sau biyu huɗu. Ya waiwaya, ya ga buhun albasa da wata tsohuwa tana gyangyaɗi. Abin yana ba shi tsoro ƙwarai, yana kuma sa shi kewa.

Wata rana ya ɗauko wata mata daga wani wurin lesin na cikin gari, tana ta faɗa. An rufe wurin a tsakiyar zango, an ce mata kuɗi in sun shiga ba sa fita. Ta ce ita Allah ya isa, ba ta yafe ba. Ba da shi take ba, amma maganar ta zauna masa a rai.

Daga ranar ya fara sayen gero kaɗan-kaɗan yana cigiyar mutanen ƙauyensu. Wasu ya same su a Tsafe, wasu a 'Yandoto, wasu a kangayen bayan gari. Wani ya karɓa har da hawaye, don gidan ba a ɗora tukunya ba. Wani ya yi dariya ya ce ya yafe. Wani ma, ɗan Adam ke nan, cewa ya yi nasa ya fi haka. Malam ya ƙara masa. Duk gidan da ya sallama, muryoyin suna raguwa, har saura guda ɗaya.

Ta Zahra'u ce, 'yar Hajara, yarinya mai kaifin kai da ke zama a gaba. Tana cikin waɗanda 'yan bindigar suka tafi da su daji, kuma tun ranar babu labari. Ya daɗe yana cigiya kafin a ce masa uwar tana Karakkai, ta wajen Bunguɗu, tana surfe a gidan wani ɗan'uwanta.

Ya same ta a ƙofar gida, ta rame sai idanu. Bayan gaisuwa ya ajiye ƙullin a gabanta, ya ce haƙƙinsu ne, karatun da aka biya bai yiwu ba.

Hajara ta ja ƙafarta baya.

"Malam, mi na yi maka? Koran ta ka yi?"

"Subhanallahi, Inna. Haƙƙi nake gudu."

"Ɗiyata ba ta mutu ba, ɗaukar ta anka yi. Wanda ya bar makaranta shi aka maida ma geronai. Ita ba ta bari ba. Ka ci abinka, ta biya, tana zuwa."

Ya zo ne ya sauke kaya, ga shi ana ƙara masa. Ya sunkuya ya ɗauki ƙullin.

Har ya juya, ta kira shi.

"Ina za ta iske ka? Kar ta taho ba ka nan."

Malam Sahabi ba shi da zaure, ba shi da allo, rabonsa da alli tun ƙauye. Amma bai iya faɗa mata haka ba.

"Bakin tashar motar Tsafe, a Gusau," ya ce. "Asabar da Lahadi, bayan la'asar."

Ta maimaita a hankali don kada ta manta.

Lokacin ne kuwa fasinja suka fi yawa. Amma duk Asabar da Lahadi, da an sallame la'asar, sai ya ajiye keken a bakin tashar ya kashe. Masu kaya su yi ta ɗaga masa hannu, ya ce yana jiran ɗaliba. Yana nan yana duban duk yarinyar da ta sauko daga mota, har a kira magariba.