Dattijo a Ofishin Rajistar Injiniyoyi

Yana zaune a ƙarshen benci a ofishin rajistar injiniyoyi, ya kifa allon shagonsa a cinya don kada a karanta. Dattijo ne siriri, gemunsa fari fat. Rigarsa ta sha guga, amma baƙin mai ya riga ya zauna a faratansa. Babban yatsansa na hagu guntu ne, ina jin wani injin niƙa ne ya cinye shi tun ba a haife ni ba.

Na san takardar da ke leƙowa daga aljihunsa. Ita ake aika wa masu kiran kansu injiniya ba tare da lasisi ba. Mu sababbin masu digiri ne muka matsa a yi hakan, kuma ina cikin na farkon sa hannu a koken.

Sakatariya ta leƙo riƙe da takardar shaidata. "Injiniya!"

Mu biyu muka miƙe. Wataƙila shekara arba'in ke nan da wannan sunan ake kiransa duk lokacin da injin ruwan unguwarsu ya tsaya. Ya dube ni, sai ya koma ya zauna a hankali.

"Yi haƙuri, ɗana, kai ake nufi," in ji shi. "Allah ya sanya albarka."

Da ƙyar na ce amin. Ina wucewa ta gabansa, shi kuwa yana janye ƙafafunsa don kada ya tare mini hanya.