Damin Irin Baba da Bakan Gizo

Ko na manta komai na shekarun farin nan, ranar da Baba ya fitar da damin irinmu daga rumbu ya ɗora wa baƙo a keke ba za ta fita daga raina ba.

A wani ƙauye muke kusa da Gwiwa. Lokacin rediyo kullum labarin kuɗin mai yake yi, mu kuwa ko hadari ya ƙi tsayawa a kanmu. Ni ne babban ɗan Baba, ina da mata da 'ya'ya, kuma ni nake riƙe da gandu. Sai aka turo mana wani malamin gona, Kirista, mutumin kudancin Zariya. Hausa a bakinsa kamar ɗan gari, ga ladabi har ya yi yawa. Kullum da la'asar yana tabarmar Baba. Tun ana “malam” har aka koma “ɗana”. Ni da na yi shekaru ina ƙona bayana a gona, in na zo sai a ce in kawo musu ruwa. Ba zan ɓoye ba, kishi nake yi da shi, mai zafi kuwa.

Wata rana hadari ya haɗu baƙi ƙirin, gero duk ya yi yaushi yana jira. Muna ta addu'a sai ga bakan gizo ya miƙe daga gabas. Kowa ya yi salati, don a wurinmu shi ke shanye ruwa. Malamin nan kuwa sai murmushi yake. Na ce a raina, yawwa, yau Baba zai gane irin ɗan da ya samu.

“Malam, mu muna kuka kai kana dariya?” na ce da ƙarfi, don kowa ya ji.

“Yi haƙuri, Yaya,” in ji shi. “A littafinmu, bayan ruwan Ɗufana Allah ya yi wa Annabi Nuhu alkawari ba zai sake hallaka duniya da ruwa ba, kuma shuka da girbi ba za su yanke ba. Wannan bakan shi ne alamar. In ya fito, tuna alkawarin ake yi.”

Ina jira Baba ya kore shi, sai na ga yana kallon sama. Can ya ce, “Annabi Nuhu namu ne mu ma. Ashe har alama aka bari.”

Ruwan bai zo ba, kuma a shekarar ba mu girbe abin kirki ba. Abin da ya rage mai daraja shi ne damin iri, zaɓaɓɓun zangarniyu na geron da muka gada tun kakanmu. A gidanmu wanda zai gaji gandu ake damƙa wa shi. A gabana Baba ya ɗaure shi a bayan keken malamin, ya ce, “Ɗana, duk ranar da ka ga bakan nan naka, ka tuna da nawa alkawarin.” Bai gaya mini ko wane alkawari ba ne. Na juya na shige ɗaki, ranar ko tuwo ban iya haɗiya ba.

Rani ya yi mana tsanani. Muka ci dusa, muka ci ganye, aka sayar da awaki. Ƙaramar 'yata takan yi kuka har muryarta ta dushe. A cikin haka Baba ya kwanta, bai tashi ba. Malamin kuma aka mayar da shi Babura. Na ce shi ke nan, ya tafi da irinmu, ya tafi da zuciyar ubana, wataƙila ma tuni matarsa ta daka ta dama kunu.

Da damina ta kewayo aka yi ruwan shuka mai kyau, ni ko ƙwaya ba ni da ita. Ina zaune a zaure ina kallon mutane na wucewa da sungumi, sai ga shi yana turo keke, taɓo har gwiwa. Damin nan yana bayan keken, da igiyar da Baba ya ɗaure shi.

“Yaya, jiya na ga bakan gizo,” ya ce. “Ga amanarka.”

Na ce, “Amanata? Ai kai aka yarda da kai.”

Ya zauna ya yi mini ta'aziyya tukuna, sannan ya ce, “Baba cewa ya yi, in ya bar damin a hannunka, dole wata rana ka zaɓa tsakaninsa da kukan 'ya'yanka, kuma ko wanne ka zaɓa zai ci maka rai. Ya ce ni ina da albashi, in ɗauke maka wannan nauyin har ruwa ya sauka.”

Na tuna daren da 'yata ta yi ta kuka, na san da damin yana rumbu da tuni ya shiga turmi. Na rufe fuska da hula na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Har yau jikan geron nan nake shukawa, kuma in yara sun ce bakan gizo ya shanye ruwa sai in tuna da alkawarin Baba. Abin da na koya shi ne, ba duk abin da uba ya hana ka ba ne don ya fi son wani. Ni na kwashe rani guda ina kishin mutumin da ke ɗauke da kayana.