La'asar ɗin Malam Zubair

A ƙauyenmu da ke bayan Gezawa, ba wanda yake duba agogo, muryar Malam Zubair ladan ake jira. Manomi ne mai gero da gyaɗa, kuma tun rasuwar mahaifinsa shi yake kiran salla. Aibinsa ɗaya: ba ya iya ganin abu bai fahimce shi ba. Ya taɓa kwance rediyon matarsa Ikilima don ya ga cikinta, har yau rediyon ba ta sake magana ba.

Wata ranar kasuwa wani dillalin riɗi ya nuna masa shafi a waya, lambobi jere, kore da ja, na kasuwar hannun jari ta Amurka. Malam ya dawo gida da abin a ransa. Da guntun Turancinsa na firamare ya yi ta lalube a wayarsa har ya gano shafin. Ya gane ba hannun jarin ake saya ba, dama ce ake saya: ka biya kaɗan a riƙe maka farashi zuwa wata rana, kamar kafin alƙalami a cinikin bijimin sa. In ranar ta wuce ba ka saya ba, kuɗinka ya tafi. Ya gane layin masu tayi da na masu sallamawa. Ranar har da dariya shi kaɗai a gindin rumbu.

Ya kai wa Liman maganar. Liman ya ce, "Malam, akwai shubuha, kar ka sa kuɗinka."

"Allah ya gafarta malam, ni kallo kawai nake yi."

Gaskiya ya faɗa, ko sisi bai taɓa sawa ba. Sai dai kasuwar Amurka ba ta buɗewa sai rana ta karkata a nan, dab da La'asar, lokacin ne lambobin suke fara motsi. Ikilima ta yi masa magana, ya ce yana sane.

Wata Laraba yana zaune yana bin wani farashi da ke hawa, sai ya ji lasifikar masallaci ta yi ƙara. Muryar Muhammadu Sani tela ce, yana kiran La'asar. Jama'a sun jira har sun gaji. Na ga Malam ya shigo da ruwan alwala a gemu, ya tsaya a sahun baya, kuma wallahi tausayinsa ya kama ni.

Ba wanda ya ce masa uffan, da ma an yi masa faɗa da ya fi sauƙi. Washegari ya bar wayar a gida ya zo da wuri, ya tarar tela ya riga ya tsaya gaban lasifika. Sauran salloli huɗu nasa ne har yau. La'asar kuwa ba a mayar masa ba, shi ma bai tambaya ba.